Wutar da Ruwa Ba Ya Kashewa

Jawabin kimiyya na yau zai yi bayani ne bisa wata irin wuta wadda ta saɓa wa abin da kowa ya tashi ya tarar. Ko yaro ƙarami ya san in gobara ta tashi, ruwa a ke nema. To, amma akwai wutar da in aka zuba mata ruwa, sai ta ƙara haushi, har ta hallaka mai zubawar. Wannan ita ce wutar ƙarfe.

A ran 11 ga watan Yuni na shekarar 1955 aka yi wani babban tseren motoci a garin Le Mans na ƙasar Faransa, tseren da a kan yi awa 24 ana yinsa ba tsayawa. Wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, motar wani direba Bafaranshe mai suna Pierre Levegh, ƙirar Mercedes-Benz, ta bugi bayan wata motar tana cikin gudu mai tsanani. Sai ta tashi sama, ta faɗa bisa tudun ƙasar da ke tsakanin hanya da 'yan kallo, ta tarwatse. Injinta da sauran sassanta suka ratsa cikin taron jama'a. Mutum fiye da 80 suka rasa rayukansu, har da shi direban, yawancinsu kuwa ƙarafan da suka yi tsalle ne suka kashe su.

Abin da ya rage na motar ya kama da wuta, gama tankin manta ya fashe. Ba a jima ba sai wutar ta sake kama, ta koma fara fat, tana walƙiya har ido ba ya iya dubanta. Masu kawo gudummawa suka yi abin da kowa zai yi, watau suka antaya mata ruwa. Maimakon ta lafa, sai ta ƙara bunƙasa, tana watsa tartsatsi ko'ina, ta yi sa'o'i tana ci. Dalili kuwa shi ne, an ƙera jikin motar da wani gamin ƙarfe wanda yawancinsa maganiziyam ne, domin ta yi sauƙin nauyi. Jikin motar da kansa shi ne ya zama itacen wutar.

Mai sauraro zai so ya ji yadda ƙarfe ke cin wuta, tun da ya ke da ƙarfe a ke yin murhu da tukunya. Amsar tana cikin sanin ko mece ce wuta. Cikin iskar da a ke shaƙa akwai wani kashi da masana ke kira oksijin, wajen kashi 21 cikin 100. Ƙuna ba kome ba ce illa haɗuwar wani abu da oksijin cikin gaggawa, har zafi da haske su fito. Baƙin ƙarfe ma yana haɗuwa da oksijin, sai dai sannu a hankali, abin da ya kan haifar kuwa shi a ke kira tsatsa. Za a iya cewa tsatsa wuta ce mai tafiyar hawainiya.

In aka rage girman ƙarfen, sai tafiyar ta yi sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga tartsatsin da ke tashi sa'ad da a ke dukan jan ƙarfen da aka fitar daga wuta, ko sa'ad da a ke wasa wuƙa da dutsen inji. Tartsatsin nan 'yan ɓarɓashin ƙarfe ne ke ci da wuta cikin iska. Haka kuma soson ƙarfe mai laushi, in aka kusanta masa ashana sai ya kama, alhali kuwa ƙusa ba za ta kama ba. Ƙarfen ɗaya ne, bambancin kawai shi ne iska tana samun soson ta kowane gefe.

Ƙarafa kuwa ba halinsu ɗaya ba wajen son oksijin. Zinariya ba ta kula da shi sam, shi ya sa ta kan shekara ɗaruruwa cikin ƙasa ba ta canja ba. Tagulla da baƙin ƙarfe suna tsakiya. Sa'an nan akwai waɗansu masu tsananin kwaɗayinsa, su ne litiyam, da sodiyam, da fotasiyam, da maganiziyam, da titaniyam, da alminiyam, wanda Hausawa ke ce wa goran ruwa. Saboda kwaɗayin nan, ba a samun yawancinsu tsurarsu a cikin ƙasa, kullum a haɗe su ke da wani abu. Sai a shekarar 1807 wani masani na Ingila, Humphry Davy, ya yi amfani da ƙarfin lantarki ya ware fotasiyam da sodiyam, shekara ta zagayo kuma ya ware maganiziyam.

Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, ana yanka shi da wuƙa kamar sabulu. Yana narkewa a digiri 98 na ma'aunin santigired, watau kafin ruwa ya tafasa. In aka jefa ɗan guntunsa cikin ruwa, sai ya riƙa yawo a samansa yana huci, wani lokaci ya kama da wuta ko ya fashe. Fotasiyam ya fi shi zafin rai, gama shi da taɓa ruwa da kamawa duk ɗaya ne. Don haka a ɗakunan binciken kimiyya a kan ajiye su nutse cikin kananzir ko wani mai, don kada iska ko laima su kai gare su.

To, me ya sa ruwa ke ƙara wa irin wannan wuta ƙarfi? Ruwa abu biyu ne a haɗe, oksijin da wata iska mai suna haidirojin. Cikin kowane kilo 9 na ruwa, kilo 8 oksijin ne. Wutar itace ba ta da ƙarfin raba su, saboda haka ruwa ya kan sanyaya itacen, wutar ta mutu. Amma maganiziyam in ya kama, zafinsa ya kan kai wajen digiri 3,000, kusan ninki biyu na zafin da ke narkar da baƙin ƙarfe. A wannan hali sai ya fizge oksijin daga jikin ruwan ya ci, ya saki haidirojin, ita kuwa iska ce mai saurin kamawa da fashewa. Ashe mai zuba ruwa ya ba wutar abinci iri biyu ke nan a lokaci guda. Ban da wannan, ruwa in ya zama tururi ya kan kumbura wajen sau 1,700, sai ya yi watsi da narkakken ƙarfen bisa mutane da kayan da ke kusa.

Jar tukunyar kashe gobara da a ke ratayewa a ofisoshi da motoci ma ba ta tsira ba. Waɗansunsu ruwa ne ko kumfa a ciki, kumfa kuwa yawancinta ruwa ce. Waɗansu kuma suna ɗauke da iskar kabon dayoksaid, wadda ke kashe wutar fetur da ta kayan lantarki. Amma ita ma akwai oksijin a jikinta, maganiziyam kuwa ya kan ƙwace shi, ya ci gaba da ci, ya bar baƙin gawayi da farar toka. Saboda haka ne masana suka ware wa wutar ƙarfe rukuni nata dabam, a kan rubuta harafin D bisa tukunyar da aka yi dominta.

Maganin wutar ƙarfe shi ne a binne ta da busasshen abu wanda ba ya ci, ba ya kuma ba ta oksijin. Mafi yawan tukwanen rukunin D garin gishiri ne a cikinsu, wanda aka busar ƙwarai aka gauraya da waɗansu abubuwa don kada ya dunƙule. In ya sauka bisa ƙarfe mai zafi, sai ya yi ɓawo ya rufe shi, iska ta rasa ƙofar shiga, zafin kuma ya ragu a hankali. Abin mamaki, shi gishirin nan sodiyam ne a haɗe da wata iska mai suna kulorin. Da ya ke sodiyam ɗin da ke cikinsa ya riga ya sami abokin haɗuwa, ba shi da sauran kwaɗayi, har ya zama mai kashe wutar ɗan'uwansa. Ana kuma amfani da garin girafait, watau baƙin abin nan da ke cikin fensir. Wutar litiyam ita ta fi wuyar sha'ani, gama yana haɗuwa har da naitirojin, iskar da ta fi yawa a sararin sama, yashi kuma bai dace da shi ba. Dominsa a kan yi amfani da garin girafait ko garin tagulla.

Inda babu irin waɗannan, busasshen yashi ya kan yi taimako ga ƙaramar wutar maganiziyam ko ta goran ruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1940 da 1941, jiragen saman Jamus sun zuba wa birnin Landan dubban ƙananan bama-bamai masu ta da gobara, kowanne nauyinsa kilo 1, jikinsa kuwa na maganiziyam. Mutanen gari suka riƙa ajiye bokitin yashi da shebur mai dogon mariƙi a gidajensu, in ɗaya ya faɗo su binne shi tun bai kama rufin ɗaki ba. Sai dai lalle yashin ya zama busasshe ƙayau, domin yashi mai laima ruwa ne a ɓoye.

Haɗarin bai ƙare da zamanin yaƙi ba. A watan Disamba na 1995, a wata tashar nukiliya mai suna Monju a ƙasar Japan, inda a lokacin a ke amfani da narkakken sodiyam wajen ɗaukar zafi, bututu ya yi yoyo, kilo ɗaruruwa na sodiyam suka zube suka kama da wuta. Ba a yi asarar rai ba, amma tashar ta yi fiye da shekara 14 a rufe. A ran 2 ga watan Agusta na 2014 kuma, a garin Kunshan na ƙasar Sin, ƙurar goran ruwa da ta taru a wata masana'antar da a ke goge ƙafafun mota ta fashe, mutum 146 suka mutu. Tukunyar goran ruwa tana kwana bisa murhu lafiya, amma ƙurarsa in ta cika iska, tartsatsi guda ya isa.

Wannan magana ta shafi masu sauraro da yawa, musamman makanikai, da masu walda, da masu sayen tsofaffin ƙarafa, da masu narka goran ruwa suna zuba tukwane, ko a Kumasi su ke, ko a Jidda, ko a Birmingham. Akwatin injin tsohuwar motar Volkswagen Beetle da akwatin giyarta da gamin maganiziyam aka yi su, haka ma waɗansu ƙafafun motocin tsere da jikin waɗansu kwamfutocin hannu. A ido maganiziyam ya yi kama da goran ruwa, sai dai ya fi shi sauƙin nauyi da wajen sulusi. Hanya mai sauƙi ta rarrabe su ita ce a kankare wuri kaɗan a ɗiga ruwan khal. In maganiziyam ne zai yi kumfa, in goran ruwa ne ba abin da zai faru. Mai narka ƙarfe ya kyautu ya yi wannan gwaji kafin ya jefa abin da bai sani ba cikin wuta, ya kuma tabbata ƙarafan da mazubin sun bushe sarai, domin ɗigon ruwa cikin narkakken ƙarfe ya kan sa shi ya yi bindiga.

Akwai wani wuri guda da mutane kan rikice. Batirin wayar hannu da na motar lantarki ana kiransa da sunan litiyam, amma litiyam ɗin da ke cikinsa a haɗe ya ke da waɗansu abubuwa, ba tsurar ƙarfe ba ne. Saboda haka wutarsa ba ta cikin rukunin D, 'yan kwana-kwana ma da ruwa mai yawa su ke sanyaya ta.

In wutar ƙarfe ta tashi, ga abin da ya kamata a yi. Alamarta ita ce farin haske mai kashe ido da farin hayaƙi mai kauri. Kada a zura mata ido, gama haskenta yana cutar da gani, kada kuma a shaƙi hayaƙin, musamman na sodiyam, wanda ke ƙona maƙogwaro da huhu. A fitar da jama'a, a janye mai da itace da duk abin da zai iya kamawa. In wutar ƙarama ce, a tsaya ta inda iska ke busowa, a zuba garin ko yashin da shebur a hankali, a fara daga gefe a nufi tsakiya, har ya rufe ta da kauri. Kada a watsa shi da ƙarfi, don kada ƙarfen ya bazu. Bayan an rufe, kada a tona, domin ƙarfen ya kan daɗe da zafi a ƙarƙashi, in ya sami iska sai ya sake tashi. In kuwa wutar babba ce, sai a nisance ta, a kira 'yan kwana-kwana, a kuma gaya musu tun a waya cewa ƙarfe ne ke ci, don su zo da kayan da ya dace.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wurin da a ke gurza ƙarfe ko goge shi, a riƙa kwashe ƙurar kowace rana, a tara ta cikin garwa mai murfi, nesa da ruwa da wuta, a kuma ajiye bokitin busasshen yashi a rufe kusa da hannu. Mutanen da suka zuba ruwa a Le Mans niyyar ceto suka zo da ita, rashin sani ne ya sa suka hura wutar, rashin sani kuwa, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Iyakar jawabin na yau ke nan. A huta lafiya.