"Ko Ma Wa Ke Da Laifi": Jimlar Da Tafinta Kan Yi Tuntuɓe Da Ita A Taron Sulhu

Duk wanda ya taɓa halartar taron sulhu a Kafanchan ko Zonkwa ya san yadda ake yi. Babban baƙo zai miƙe ya yi jawabi da Turanci, tafinta yana gefe yana juyawa da Hausa, domin ita ce harshen da Bajju da Atyap da Ham da Fulani da Hausawa suke ciniki da shi a kasuwa. To, akwai wata 'yar jimla da takan fito a irin wannan jawabi, watau "regardless of who is at fault". Wani tafinta yakan ce "babu mai laifi", wani kuma ya ce "a manta da abin da ya wuce". Duka biyun kuskure ne, ba kuwa ƙarami ba.

Ainihin ma'anarta ita ce "ko ma wane ne ke da laifi". Jimlar ba ta wanke kowa. Abin da take yi shi ne jingine maganar laifi tukuna, domin a gudanar da aikin da ba zai jira ba. Idan aka ce a yi wa masu rauni magani ko ma wa ke da laifi, nufin shi ne likita ba zai tambayi wanda ya fara jifa ba. Alƙali kuwa tilas ya tambaya, don aikinsa ke nan.

Ɗalibai su lura, kalmar farko ba ta tafiya a nan sai da "of" a bayanta, haka ma 'yar'uwarta "irrespective". Kada kuma a rikita jimlar da wadda 'yan siyasarmu suke so, mai zancen san da aka soka da ƙaho. Waccan daidai take da "ba sani ba sabo", watau za a hukunta mai laifi ko ɗan wane ne.

Me ya sa muka damu da wannan? Domin a Kudancin Kaduna maganar laifi ba abin wasa ba ce. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan cikin watan Maris na 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, kotun Mai Shari'a Okadigbo ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot da waɗansu hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnatin Janar Babangida ta mayar da shi ɗauri. An daɗe ana gardama a kan wannan shari'a. Mutumin da ya binne ɗansa a irin waɗannan ranaku, idan ya ji tafinta ya ce "babu mai laifi", zai tashi daga taron da zaton an yi rufa-rufa, alhali mai jawabin bai faɗi haka ba.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, suka kuma nemi gafarar juna a bainar jama'a. Mai neman gafara ya amsa ke nan cewa akwai laifi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Su kuwa sai kowa ya dubi wanda yake takawa.

Saboda haka muna kira ga tafintoci da ma'aikatan gidajen rediyo da su ba kowace magana haƙƙinta. Agaji da tsaro na kowa ne, ko ma wa ke da laifi. Shari'a kuwa, ba sani ba sabo.