Kimiyyar Ɗan Bakin Ruwa Tun Kafin Aji Ɗaya

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka tayar da mutane sama da 40,000, rayuwar Gungawa da Sarkawa da Kambarin ƙasar Yauri ta koma bin hawa da saukar tafki. Ɗan shekara huɗu a Yelwa ko Wara ko Shanga ya san farin ruwan damina, yana kuma ganin baƙin ruwa ya iso da hunturu alhali ko ɗigo bai sauka ba. In ya tambayi dalili, sai a ce ya cika surutu. Amsar kuwa tana nan: ruwan saman tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya ƙaraso. Tambayar nan ita ce mafarin kimiyya, kuma kafin shiga aji ɗaya ake raya ta ko a kashe ta.

Za a ce makarantar da ba ta da benci ina ta ga kayan gwaje-gwaje. Ai ajin share fage ba injuna yake nema ba, malamin da aka horar yake nema. Kwano da ruwa da ƙoƙo sun isa: yara su riƙa jefa tsakuwa a ƙoƙon ɗaya bayan ɗaya har ya nutse, su gane da idonsu cewa kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Wanda ya tuna hatsarin jirgin Wara na Mayun 2021 ba zai kira wannan wasa ba, domin yaran nan su ne matuƙan gobe. Haka tsargiya, wadda wasu ke ɗauka alamar girma ce ga ɗa namiji. Tsutsa ce: ƙwanta yana fita ta fitsari, ta girma a jikin dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka. Ɗan shekara biyar zai fahimci wannan da Hausa, har ya kai labari gida.

Masu tsoron kada a tauye makarantar allo su kwantar da hankali, awa biyu da hantsi ba za su hana hadda ba. Masu shakkar amfanin ajin share fage kuwa su dubi Jamaika, inda a shekarun 1980 aka riƙa ziyartar yara masu tsumburewa mako-mako ana koya musu ta hanyar wasa. Bayan shekara 20 aka tarar samunsu ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Iyayen Yauri da Ngaski da Shanga, ku je makarantar unguwarku ku tambayi hedimasta ina ajin ƙananan yake, kuma wa ke koyar da su.