Gudun Mota da Tarar Hanya: Gargaɗi ga Ƙungiyoyin Manoma

'Yan'uwa manoma, da kakar bara wata ƙungiyarmu ta gama kai ta ɗauki hayar akori-kura domin kai buhunan riɗi kasuwar Shuwarin, ni ma ina ciki. Direban yaro ne mai son a yaba masa. Tun da muka hau kwalta yake taka mota, yana cewa ya san duk inda ma'aikata ke tsayawa. Ran nan sai suka tsaya inda bai sani ba. Aka rubuta masa takardar tara, aka riƙe motar har sai an biya. Kafin mu isa, manyan 'yan kasuwa sun gama awo sun ɗaure kayansu. Muka sayar da riɗin da araha. Tarar direba ce, amma hasarar tamu ce.

Tun daga nan mutane ke tambayata wuraren da 'yan sanda da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke tsayawa. Amsar ita ce ba su da wuri ɗaya. Akan gan su a mashigar gari, da mararraba, da kusa da kasuwa ran da take ci, musamman a babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri wadda ta ratsa Wudil da Shuwarin. Sukan ƙara sintiri lokacin Kirsimeti da Salla, wani lokaci har da kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya. Wanda ya dogara ga fitilar da direbobi ke ƙyafta wa juna, wata rana zai sha mamaki. Dabarar da ba ta ƙarewa ita ce a san doka a bi ta.

An kafa wannan hukuma, FRSC, a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Bisa ƙa'idar hanya ta Nijeriya, a cikin gari ƙaramar mota da bas da babur kada su wuce kilomita 50 a awa. A kan hanyar bayan gari, ƙaramar mota da bas 80 ne iyakarsu, tirela da tankar mai kuwa 50. Daga Fabrairun 2017 aka soma tilasta wa motocin haya sa na'urar da ke ƙayyade gudu.

Waɗannan lambobi ba don a takura kowa aka sa su ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 kowane daƙiƙa. In ta kai 100, mita 28 ke nan. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka burki yakan ninka sau huɗu. Ku tuna da irin hanyoyinmu na Dutse da Kiyawa da Jahun: amalanke ba fitila, shanu suna ƙetarewa, yara suna talla. Motar da aka laftawa buhuna, mutane kuma suna zaune a kai, ba ta tsayawa da wuri.

Saboda haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi. Ku gama lodi tun da dare, a tashi da asuba, domin lattin tashi shi ke kawo gudu. Kafin ku yi ciniki da direba, ku duba lasinsa da takardun mota da tayoyi. Ku sa wani dattijo ya zauna a gaba, wanda zai iya cewa, "Direba, sassauta, ba mu da sauri." Kada a ɗora mutane a kan kaya.

In an tsayar da ku, direba ya tsaya, ya yi magana da ladabi. Tarar hukumar a asusun gwamnati ake biyanta, a karɓi rasit; ba a miƙa kuɗi a hannu. In kuwa kun tarar da haɗari, ku kira 122, lambar hukumar ce, kyauta.

Noman shekara guda muke ɗorawa a kan mota ɗaya, tare da masu noman. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.