Gaskiya ko Jita-jita: Hanci Yana Jin Mugunyar Iskar Rijiya?

In rani ya yi nisa a Tajaye da ƙauyukan Illela, sai yasar rijiya ta tashi. Iskar da ta fi kwanciya a ƙasan rijiya ita ce CO2, irin wadda muke fitarwa da numfashi, domin ta fi iskar gari nauyi. Ga abubuwa uku da ake faɗa a kanta.

"In da mugunyar iska, zan ji warinta."

Jita-jita ce. Wani bincike na 2007 ya nuna ɓera yana da ƙwayoyi na musamman a hanci masu gane CO2, sauro ma da ita yake gano mai barci. Hancin ɗan Adam bai samu wannan baiwa ba. Abin da ke tsaronmu yana can gindin ƙwaƙwalwa: in CO2 ta taru a jini, sai ya sa mutum haki. Kafin a kai nan, mai yasar rijiya ya riga ya shaƙa.

"Ai tana da yaji, lemon kwalba shaida ne."

Gaskiya ne, amma yaji daban, wari daban. Iskar kan narke a danshin hanci ta yi tsami, sai jijiyar fuska mai rassa uku ta kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi. Wannan jijiya ce ke kawo hawaye in ana yanka albasar Galmi, ita ce kuma ke ɗaukar ciwon haƙori. Sai dai ba ta motsawa sai iskar ta yi yawa ƙwarai, alhali ciwon kai da jiri ba sa jiran yajin. Yawanta kuwa kisa ne: a 1986 wannan iska ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru cikin dare, ta kashe mutum fiye da 1,700.

"In an zura fitila ba ta mutu ba, a sauka."

Rabin gaskiya. In ta mutu, kada kowa ya sauka. Amma wuta tana iya ci a iskar da za ta sumar da ƙato.

Saboda haka a buɗe rijiya ta sha iska tukuna, a ɗaura wa mai sauka igiya a ƙugu, mutane na riƙe a sama. Kada a kunna injin ban-ruwa a ciki. In mai sauka ya yi shiru, a jawo shi da igiyar, kada wani ya bi shi.