Zomo cikin littafin zane

Ɗan uwa mai karatu, ka taɓa ganin yaro riƙe da littafi mai hotuna gida-gida, shina dariya shi kaɗai? Wannan shi ake ce ma littafin zane. Labari ne, amma hoto da rubutu ke ba da shi tare. Cikin dabbobin da ake zanawa a irin littattafan nan, zomo ya yi suna ƙwarai. To, ina zomon nan ya fito?

Mu fara daga gida. Cikin tatsuniyoyinmu zomo ba shi da ƙarfi. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce irin na zaki. Wayonshi ne makaminshi. Kura ta fi shi girma, amma kullum ita ke shan kashi. Haka yake a Senegal, inda ake ce mishi Lek. A shekarar 1953 Leopold Sedar Senghor da Abdoulaye Sadji sunka rubuta labarin Lek don ƴan lakwal su koyi karatu da shi.

Zomo ya ƙetare teku kuma. Lokacin cinikin bayi an kwashi mutanen Afirka zuwa Amurka. Ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da tatsuniya cikin kai. A 1880 wani ɗan jarida, Joel Chandler Harris, ya buga tatsuniyoyin da ya ji daga bakin baƙar fata a jihar Jojiya. Gwarzon labarin zomo ne, ana kiranshi Brer Rabbit.

Ga ɗaya daga ciki. Dila ya yi ƴar tsana da kwalta, ya aje ta bakin hanya. Zomo ya zo ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya ji haushi ya mare ta, hannu ya liƙe. Ya shure ta, ƙafa ta liƙe. Da dila ya kama shi, sai zomo ya dinga roƙo a yi mishi kowane irin horo, amma kar a jefa shi cikin ƙaya. Dila ya jefa shi cikin ƙayar. Ashe can ne gidanshi, ya yi tafiyarshi! Ba ka tuna Gizo da ɗiyar danƙo ba? Daga 1945 har 1972 kamfanin Disney ya riƙa zana labaran zomon nan cikin jaridun ranar Lahadi.

Wanda ya fi su suna shi ne Bugs Bunny, na kamfanin Warner. Ya fito da kamarshi da aka sani cikin fim a 1940, ya shiga littafin zane a 1941. Dogayen kunnuwa gare shi, kullum da karoti a hannu. Maharbi na binshi da bindiga, shi ko hankalinshi kwance. Galibi ba shi ke jan faɗa ba, sai an taɓa shi. A 1984 kuma Stan Sakai ya fito da Usagi, zomo mai takobi, a ƙasar Japon ta zamanin da.

Akwai wani zomo da labarinshi ya shafe mu. Sunanshi Oswald. Walt Disney da abokin aikinshi Ub Iwerks sunka zana shi a 1927. Da shekara ta zagayo, Disney ya tarar zomon ba nashi ba ne. A takarda, kamfanin Universal ke da shi. Dole ya bar shi, ya ƙirƙiro ɓera Mickey. Sai a 2006 zomon ya komo hannun kamfanin Disney, bayan shekara 78. Ka ga, wanda ya yi wahala daban, abin da takarda ta ce daban. Saboda haka kar ka sa hannu ga takardar da ba ka karanta ba.

Yanzu, yaya ake karanta littafin zane? Ka fara da gidan da ke sama, hannun hagu. Ka bi zuwa dama, kana ka sauko layin ƙasa. In ka ga rubutu cikin zagaye mai ƴar wutsiya, magana ce, kuma wutsiyar na nuna mai maganar. In zagayen ya yi kama da gajimare, da ƴan ɗigo ƙarƙashi, tunani ne cikin zuciya. In haruffa sun yi manya, ihu ake. Ka dubi hoto tukuna, shi zai taimake ka ka gane kalma mai wuya.

Wasu manya na jin kunya, wai littafin yara ne. Babu kunya ga neman sani. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, haka karatu. Ka zauna da ɗanka ko jikanka, ku karanta tare. Kana ka ɗauki alƙalami ka rubuta tatsuniyar zomo ɗaya da ka ji wurin kakarka, yaro ya zana maka hotunan. In tsofaffi sunka tafi ba a rubuta ba, wa zai ba jikokinmu?

Tambayoyi

1. Da mi zomo ke rinjayar manyan dabbobi?
2. Don mi Disney ya rasa Oswald?
3. Mi wutsiyar zagaye ke nunawa?