Ina Kake Ajiye Abin Da Ka Tsinto A Intanet?

Ka ga sanarwar tallafin karatu a Facebook, ka ce bari in dawo anjima. Kafin anjimar, ta nutse cikin bidiyoyin barkwanci. In a Zagga kake, ko Bagudo ko Illo, inda sabis kan yi wasan ɓuya, ka san zafin sake ƙona data wajen laluben abin da ka riga ka gani.

Don maganin haka aka ƙirƙiro ma'ajiyar shafuka, wato manhajojin da ke riƙe maka adireshin duk shafin da ka so. Delicious ya fara tun 2003, kuma abin da ya ja masa jama'a shi ne kowa na iya leƙa abin da wani ya tara. Yau Raindrop.io na ba ka damar tara shafuka kyauta, har ka buɗe wa 'yan ajinku su zuba nasu. Ku biyar masu shirin JAMB sai ku haɗa rumbu guda, kowa ya huta.

To, me mai biya ya fi ka da shi? A Raindrop, shi ake adana wa kwafin shafin, ko da an goge na asali. A X kuwa ajiya kyauta ce, amma kasa ta gida-gida sai mai Premium. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin data, na kyautar ya wadatar.

Sai dai fa biya ba ya hana rumbu rushewa. Pocket, wanda Mozilla ta saya a 2017, an rufe shi ranar 8 ga Yuli, 2025. Da mai biya da ɗan kyauta, duk 'yan watanni aka ba su su kwashe kayansu. Delicious ma ya sha sauya hannu, daga Yahoo a 2005 har Pinboard a 2017, inda aka daina karɓar sabuwar ajiya.

Saboda haka, kafin ka buɗe asusu, duba ko za ka iya fitar da ajiyarka duk ranar da ka so. Takardar da makomarka ta rataya a kanta, kamar ta shiga jami'a, sauke ta cikin wayarka, kada ka jefa ta rumbun taro inda sunanka da lambarka za su zama na kowa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.