Duwatsun Mil Na Hanyar Gaya

Jama'a, hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Wudil da Gaya ta nufi gabas tsohuwar hanya ce. Ta riga mota zuwa. Fatake sun bi ta da jakuna da raƙuma zuwa Barno. Ko a labarin Bayajida ma, an ce daga Barno ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa.

A wancan zamani ba a auna tafiya da mil. Da zango ake aunawa. Mutum zai ce daga nan zuwa can zango biyu ne, wato kwana biyu a hanya. To, amma zangon mai jaki daban, na mai doki daban.

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sai aka bukaci hanyar da mota za ta bi ta kwaso gyaɗa daga ƙauyuka. En'e ta riƙa sa dagatai su tara mutane, ana sare itatuwa, ana zuba marmara. Kakanninmu ne suka yi wannan aiki da kwando a ka, kuma sau da yawa ba da son ransu ba. Bayan haka aka kakkafa duwatsu a gefen hanya. Kowane dutse yana ɗauke da lamba, yana nuna mil nawa ne zuwa babban gari. Mil ɗaya yadi 1,760 ne. Dabarar ta samo asali daga Rumawa, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Har suna waɗannan duwatsu suka ba wurare. Mil Tara da ke kan hanyar Katsina, daga nan ta sami sunanta.

A shekarun 1970 Nijeriya ta bar mil ta koma kilomita. Nan ne mutane ke ruɗewa. Kilomita bai kai mil tsawo ba. Mil 5 shi ne kilomita 8. Saboda haka idan dattijo ya ce maka tafiyar mil 10 ce, kai kuma ka ga an rubuta 16, babu wanda ya yi ƙarya.

Karanta dutsen ba wuya. Haruffan sunan gari ne a taƙaice, lambar kuma nisan da ya rage. In lamba tana raguwa, kana kusantar garin. Manomin Ajingi da ya ɗauki shatar mota zuwa kasuwar Wudil, in ya iya wannan, zai san nisan da zai biya wa kuɗi. In mota ta lalace da dare ko aka yi haɗari, lambar dutse mafi kusa za ka faɗa, masu taimako su same ka.

Abin takaici, da yawa sun ɓace. Wasu aikin faɗaɗa hanya ya ture su, wasu an tumɓuke an ɗaure dabba da su. Ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci, in kun ga wanda ya saura a yankinku, ku kwafo abin da ke jikinsa ku kawo wa malaminku.